Takardar da Makaho Zai Karanta da Kansa: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A yawancin ofisoshinmu hanyar fitar da sanarwa guda ce. Sakatare ya buga ta a kwamfuta, a fitar da ita a takarda, shugaba ya sa hannu, a buga hatimi, sannan a ɗora ta a na'urar sikanin ko a ɗauki hotonta da waya, a watsa a WhatsApp. Sanarwar ɗaukar aiki, jadawalin jarrabawa, ƙa'idojin neman tallafin karatu, duk haka suke yawo. A wurin mai gani aiki ya kammala. Shi kuwa makahon da ya buɗe wannan fayil a wayarsa, ko harafi ɗaya ba zai tarar ba. Manhajar da ke karanta masa allo za ta ce masa hoto ne, ko ta ce shafin ba komai a cikinsa, daga nan ta yi shiru.

Abin da ya fi damuna da wannan al'ada shi ne, a lokacin da sakataren ya gama bugawa, takardar tana karantuwa ga kowa. Rubutu ne na gaske, kwamfuta ta san kowane harafi da ke ciki. Fitar da ita a takarda da sake ɗaukar hotonta ne ya mayar da haruffan zane. Da hannunmu muka rufe ƙofar, ba da mugun nufi ba, sai don ba wanda ya taɓa gaya mana akwai mai shiga ta nan.

Yadda makaho ke karatu a waya da kwamfuta

Har yanzu wasu na mamaki in sun ga makaho yana amsa saƙo a waya. Akwai manhaja da ake kira mai karanta allo. Aikinta ta bi rubutun da ke kan allo ta furta shi da murya, ta kuma riƙa gaya wa mai ita abin da yatsansa ya taɓa: nan maɓalli ne, nan wurin rubutu ne, nan kan magana ne. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver, wadda kamfanin Apple ya saka tun 2009. Galibi suna zuwa cikin wayar, kunnawa kawai ake yi. A kwamfuta akwai JAWS, wadda ta daɗe tana aiki amma tana da tsada, sai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka fara ginawa a 2006 suka bar wa duniya kyauta. Akwai kuma wata na'ura da ke tura ɗigogin rubutun Braille ƙarƙashin yatsa, layi bayan layi, kuma ita ce madogarar wanda ya haɗa makanta da kurumta.

Kafin zuwan waɗannan, makaho mai ilimi hanya biyu gare shi. Ko a buga masa takardar da Braille, irin rubutun da makarantar makafi ta Gindiri ke koyarwa tun kafuwarta a 1953, wanda ke cin lokaci da kuɗi, ko kuma ya nemi mai karanta masa. Ku yi tunanin wannan ta biyun da kyau. Sakamakon gwajin asibiti, takardar albashi, wasiƙar kotu, duk sai wani ya fara sanin abin da ke ciki kafin mai abin ya sani. Sai kuma jira: sai ɗan rakiya ya dawo daga makaranta, sai maƙwabci ya samu sukuni. Takardar kwamfuta ce ta fara ba makaho damar karanta sirrinsa shi kaɗai, a lokacin da ya ga dama. Wannan damar ce hoton takarda ke ƙwace masa.

Kuma ba mutane kaɗan ba ne. Binciken ƙasa kan makanta da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma Arewa maso Gabas ce ta fi kowane yanki da kashi 6.1. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo ta, sai hawan jinin ido. Masu gani dishi-dishi sun ninka makafin yawa. Cikinsu akwai zabiya, waɗanda galibi ganinsu ke da rauni, da dattawan da ke nesanta waya daga fuska kafin su karanta. Ga kurame, ga wanda shanyewar ɓarin jiki ko rawar hannu ta hana shi sarrafa linzamin kwamfuta sai dai maɓallai, ga mai larurar da ke sa haruffa su riƙa cakuɗe masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu naƙasa mai tasiri a rayuwa sun kai biliyan 1.3, kusan mutum ɗaya cikin shida.

Rubutu ne ko hoto?

Gwajin ba shi da wuya. Ku buɗe fayil ɗin, ku yi ƙoƙarin zaɓar kalma ɗaya ku kwafe ta, ko ku danna Ctrl da F ku nemi wata kalma da kuke gani ƙuru-ƙuru a shafin. In kwamfuta ta kasa samo ta, hoto ne, ko da sunan fayil ɗin ya ƙare da PDF.

Akwai fasahar da ake kira OCR, wadda ke duba hoton takarda ta yi ƙoƙarin gane haruffan, kuma makafi da yawa da ita suke lallaɓawa. Tana taimakawa, amma hasashe take yi. In hoton ya karkace, ko inuwar hannu ta faɗa masa, ko hatimi ya hau kan kwanan wata, sai ta ba da abin da ba shi ba ne. Lamba 1 ta koma harafi, 8 ta koma 3. A takardar Hausa matsalar ta ƙaru, domin sau da yawa ƙ da ɗ da ɓ suna rikita ta. Mutumin da ba ya gani ba shi da hanyar sanin cewa ranar rufe karɓar takardu da aka karanta masa ba ita ce a rubuce ba.

Na san abin da ma'aikatan ofis za su ce: ai sa hannu da hatimi su ne shaidar takarda ta gaskiya ce. Magana ce mai tushe. Amma ba dole a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. A tura mai hatimin, a haɗa da asalin fayil ɗin da aka buga, ko a kwafe rubutun a liƙa shi a cikin saƙon. Aikin minti ɗaya ne. Haka katin ɗaurin aure, da sanarwar jana'iza, da fostar wa'azi ko taron ƙungiya: bayan an tura hoton, a rubuta rana da lokaci da wuri a ƙarƙashinsa. Facebook ya fara yi wa hotuna bayani da kansa tun 2016, sai dai ba bayanin da za a dogara da shi ba ne wajen kai mutum wurin ɗaurin aure.

Kan magana na gaske da na ado

Nan ne wurin da ko waɗanda suka ƙware a buga takarda suke tuntuɓe. Mai gani ba ya karanta rahoto mai shafi 60 daga farko zuwa ƙarshe. Yana watsa ido, ya hango manyan kanun magana, ya dira inda yake so. Makaho ma haka yake yi, amma da maɓalli. A NVDA ko JAWS, in ya danna H sai ya tsallaka zuwa kan magana na gaba, T ta kai shi jadawali, yana kuma iya kiran jerin dukkan kanun da ke cikin takardar ya zaɓi ɗaya.

Wannan yana yiwuwa ne kawai in kwamfuta ta san cewa layin kan magana ne. Mu kuwa abin da muka saba shi ne mu zaɓi layin, mu ƙara masa girma, mu kaurara shi, mu ja masa layi. Ido ya gamsu, amma a wurin kwamfuta rubutu ne kamar sauran. Takarda irin wannan kamar a saki baƙo ne a Kantin Kwari ba a gaya masa sunan layi ko ɗaya ba: sai ya bi rumfa-rumfa kafin ya samu abin da ya zo nema. Ɗalibin da ke neman babi na huɗu sai ya saurari babi uku tukuna.

Gyaran yana saman allon Word, a wurin da aka rubuta Styles. Babban kan magana a ba shi Heading 1, na ƙarƙashinsa Heading 2, na ƙarƙashin wannan Heading 3, ba tare da tsallake mataki ba. In launin ko girman bai yi muku ba, ana canza shi, kuma canji ɗaya zai bi takardar gaba ɗaya. Google Docs da LibreOffice duk suna da irinsa. Wanda ya taɓa kwana yana jera abubuwan da ke cikin kundin digirinsa da hannu zai yi murna da jin cewa da wannan tsari Word ke jera su da kansa, har da lambobin shafi.

Haka batun jeri. A yi amfani da maɓallin jeri mai lamba ko mai ɗigo, domin manhaja ta ce wa mai sauraro jeri ne mai abu bakwai, ga na farko. A kuma daina danna Enter sau goma don a tura rubutu shafi na gaba, ko danna sarari sau ashirin don a kai kalma tsakiya. Kowane layin da aka bari ba komai, sai manhajar ta sanar da shi.

Jadawali yana buƙatar kulawa ta musamman, domin a nan kuskure ke jawo asara. Ku ɗauki jadawalin jarrabawa: rana, darasi, lokaci, ɗaki. Mai gani in ya ga lamba 12 a wani gida, sai ya ɗaga ido sama ya ga ashe lambar ɗaki ce. Makaho yana jin gida ɗaya ne a lokaci guda. In an gaya wa Word cewa layin farko shi ne na kanu, manhaja za ta iya faɗa masa sunan rukunin kafin lambar. In ba a yi ba, 12 kawai zai ji, bai san ƙarfe 12 ba ne ko ɗaki na 12. Haɗe gidaje biyu ko uku su zama ɗaya, da cusa jadawali cikin jadawali, su ma suna ɓatar da lissafin. Jadawali biyu masu sauƙi sun fi ɗaya mai sarƙaƙiya.

Hoto, launi da girman harafi

Kowane hoto da ke ɗauke da ma'ana yana buƙatar gajeren bayani da ake ɓoyewa a bayansa, wanda ido ba ya gani amma manhaja ke karantawa. A Word ana danna hoton da ɓangaren dama na linzami a zaɓi Alt Text. Tambayar da za ku yi wa kanku ita ce: me na sa hoton nan ya faɗa? In zanen farashin masara ne, rubuta "zanen farashi" bai amfani kowa ba. A rubuta cewa farashin ya hau a tsakiyar damina ya sauko bayan kaka, in alƙaluman na da muhimmanci a kawo su a jadawali. In kuwa hoton ado ne kawai, fure ko zanen gefe, a yi masa alamar ado don manhaja ta wuce shi.

Launi kada ya ɗauki saƙo shi kaɗai. "Sunayen da aka rubuta da ja ba su biya ba" magana ce da ba ta isa ga makaho, ba ta kuma isa ga masu larurar rarrabe ja da kore, wadda ta fi yawa a maza, da yawansu ma ba su san suna da ita ba. A ƙara kalma a gefen sunan. Sannan rubutu ya fita sosai daga bangon da yake kai. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C ta fara fitarwa a 1999 kuma ta sabunta a 2008 da 2018 da 2023, sun sa ma'auni: bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Baƙi a kan fari ya wuce wannan nesa. Rawaya a kan fari, ko toka-toka a kan shuɗi, galibi ba su kai ba. Tambarin ma'aikata da ake shimfiɗawa a bayan rubutu shi ma yana wahalar da mai raunin gani ƙwarai. Girman harafi kada ya gaza 12, kuma dogon sakin layi da manyan baƙaƙe zalla yana gajiyar da ido.

Inda aka sa mahaɗin da ake dannawa, a faɗi inda zai kai mutum. "Danna nan" sau biyar a takarda ɗaya, in manhaja ta jero su, ba a san wanne ne na fom wanne ne na biyan kuɗi ba.

Abin da ya shafi Hausa

Kafin haruffanmu masu ƙugiya su samu sauƙin bugawa a kowace na'ura, an yi dabarar ƙirƙirar wasu nau'o'in rubutu da ke ɗora siffar ƙ ko ɗ a kan wani maɓalli na daban, kamar baka ko wata alama da ba a cika amfani da ita ba. Dabarar ta yi amfani a zamaninta, kuma har yau akwai masu buga littattafai da ita. Matsalarta ita ce ido ne kaɗai ke ganin ƙ. A ƙarƙashi alamar nan ce, kuma ita manhajar makaho za ta furta a tsakiyar kalma. Tsarin Unicode ya ba ƙ da ɗ da ɓ da ƴ gurbinsu na kansu, kuma allon rubutun Hausa yana samuwa a waya da kwamfuta. Duk wanda ke da tsofaffin fayiloli na waccan dabara, ya dace ya juya su.

Muryoyin da yawancin makafinmu ke amfani da su na Turanci ne, saboda haka Hausa tana fito musu da karin Bature, kunne ne ya saba. Wannan ya sa rubutu bisa ƙa'ida ya zama taimako na gaske. Gajarce kalmomi irin su "ykk" da "ngd", ko haɗe kalmomin da ya kamata a raba, yana mayar da jimla surutu. Haruffan ado da matasa ke kwafowa su rubuta sunansu a Facebook, a wurin kwamfuta alamomin lissafi ne, wata manhajar ta bi su ɗaya-ɗaya da dogayen sunaye, wata ta tsallake su. Fuskar dariya goma a jere, goma za a karanta. A takardar da ta haɗa harsuna kuma, a nuna wa Word harshen kowane sashe, domin in an zo kan nassin Larabci manhajar da ke da muryar Larabci ta juya zuwa gare ta.

Kurame na da tasu buƙatar. Sanarwar da aka yi da saƙon murya kaɗai ta bar su a baya, haka bidiyon da ba a rubuta maganarsa a ƙasa ba. Ga kurame da yawa maganar hannu ce harshen farko, rubutacciyar Hausa ko Turanci na biyu ne, don haka gajerun jimloli da kalmomin da aka saba sun fi isar da saƙo fiye da salon ofis mai kewaye-kewaye.

Lokacin mayar da ita PDF

Ana iya yin duk abin da na lissafa, a zo a zubar da shi a mataki na ƙarshe. Fayil ɗin PDF yana iya ɗaukar wasu alamomi na ɓoye da ke cewa nan kan magana ne, nan jadawali, ga kuma tsarin da za a bi wajen karatu. Akwai ma ƙa'idar duniya a kan haka, PDF/UA, wadda ta fito a 2012. In an bi ta hanyar Print aka zaɓi PDF, galibi alamomin nan zubewa suke yi. A bi ta Save As ko Export, a tabbata an zaɓi wurin da ke cewa Document structure tags for accessibility. Ga littafi kuwa, tsarin EPUB ya fi PDF, domin rubutunsa yana bin girman allo, mai raunin gani ya ƙara girman harafi ba tare da ya riƙa jan shafi hagu da dama ba. Fom kuma a yi shi yadda za a cike a kwamfuta, kowane gurbi da sunansa, maimakon jeren ɗigogi da sai an fitar a takarda an cike da biro.

Wannan ba alfarma ba ce da ake roƙo. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, Nijeriya a 2010, ta tanadi a sashe na 21 cewa a ba su bayanan da ake ba jama'a a sigar da za su iya amfani da ita, a kan lokaci, ba tare da ƙarin kuɗi ba. A Nijeriya an sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya a Janairun 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Nijeriya ta shiga a 2017, ta ba da damar juya littattafai zuwa sigar makafi ba tare da jiran izinin mai haƙƙin mallaka ba. Amurka ta ɗora wa hukumomin tarayyarta wannan nauyi tun 1998, Tarayyar Turai kuma ta fara tilasta wa kamfanoni, har da masu sayar da littattafan intanet, daga Yunin 2025. A ganina, mun fi saurin fahimtar cewa mai keken guragu yana buƙatar gangara a bakin ƙofa, mun kasa ganin cewa takarda ma tana da matakala.

Kafin ku tura takarda, a Word ku shiga Review ku danna Check Accessibility. Zai nuna hoton da ba shi da bayani da jadawalin da ba shi da kanu. Amma na'ura ba ta san ko bayanin da kuka rubuta yana da ma'ana ba. Don haka ku saurari takardar da kunnenku: a Windows ku danna Ctrl da maɓallin Windows da Enter, Narrator zai fara magana, ko ku sauke NVDA. Ma'aikatar da ke fitar da takardu da yawa kuwa, ta nemi makafi masu amfani da waɗannan manhajoji kullum, ta hanyar ƙungiyar makafi ta ƙasa ko makarantun masu buƙata ta musamman irin ta Tudun Maliki a Kano, su gwada mata, ta kuma biya su ladan aikinsu kamar kowane ƙwararre.

Tsofaffin takardun da suka taru ba za su gyaru rana ɗaya ba. A fara da waɗanda ke da wa'adi, wanda in ya wuce mutum ya yi asara: sanarwar aiki, fom ɗin shiga makaranta, jadawalin jarrabawa, bayanin shan magani. Sauran a bi su a hankali, a kuma rubuta a shafin farko lambar ofis ko adireshin da mai buƙata zai nemi takardar a wata siga, a sa wanda zai riƙa amsawa.